Yadda Ake Tsayar da Farashin Ruwan Famfo da na Magudanar Najasa a Gari

Idan majalisar gari ta zauna kan farashin ruwan famfo, ɗayan hanya biyu aka fi bi. Ko a leƙa garin maƙwabta a ga nawa suke karɓa a kwaikwaya, ko a ɗauko farashin bara a ɗora masa ɗan abin da ake jin jama'a za su iya haɗiyewa ba tare da hayaniya ba. Duka biyun kame-kame ne. Garin maƙwabta wataƙila daga burtsatse mai ruwa garau yake ɗebowa, ku kuwa daga kogi mai laka, sai kun zuba alif da kulorin kun tura ruwan ya hau tudu. Farashin bara kuma, wa ya tabbatar da cewa daidai yake tun farko?

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, kuɗin da ruwa ke ci ba ya raguwa don an ƙi karɓarsa. Idan ba a karɓa a bil ba, wani ne zai biya ta wata ƙofa: unguwar da aka kasa kai wa bututu tana saye a hannun 'yan ga-ruwa da ninkin farashi, ko 'ya'yan da za su gaji matatar da ta ruɓe. Shi ya sa ake farawa da lissafi, sannan a zo kan rabo, sannan a duba mai ƙaramin ƙarfi. A wannan jeri nake bi.

Wata 'yar fayyacewa kafin mu shiga. A Hausa idan aka ce "kuɗin ruwa" hankali kan tafi ga ribar bashi. A nan zan riƙa cewa farashin ruwa ko bil, ribar bashi kuma in kira ta da sunanta. Ma'aunin da zan yi amfani da shi kubik mita ne, wato lita 1,000, zan taƙaita shi in ce kubik.

Mataki na farko: san doka, tara takardu

Kafin a taɓa kalkuleta, a san wa doka ta ba ikon sa farashi. A wasu ƙasashe majalisar gari ce ke yankewa, a wasu kuma akwai hukumar sa ido. A Ingila da Wales hukumar Ofwat ce ke duba farashin kamfanonin ruwa duk bayan shekara biyar. A jihar Kalifoniya ta Amurka dokar da masu zaɓe suka amince da ita a 1996 ta hana karɓar fiye da abin da aikin ya ci, ta kuma wajabta aika wa mutane sanarwa kwana 45 kafin zaman jin ra'ayi. Duk wanda ya tsallake irin wannan sharaɗi, kotu na iya rushe masa aikin shekara guda a rana ɗaya.

Daga nan a tara kasafin kuɗi na aƙalla shekara uku da suka wuce, na ainihin abin da aka kashe, tare da rahoton masu binciken kuɗi. A tara bayanan mita na kowane gida wata-wata, da yawan ruwan da ya fita daga matata, da takardun bashi, da jerin kadarori. A ware asusun ruwa daga babban asusun gari. Inda kuɗin famfo ke shiga tukunya ɗaya da kuɗin kasuwa da na tasha, babu mai iya cewa ruwa na riƙe kansa ko ba ya riƙewa.

Mataki na biyu: nawa ake buƙata a shekara

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan aka fi yi wa kai ƙarya.

Kashi na farko kowa ya san shi: albashi, wutar lantarki ko man injin, magungunan tace ruwa, gwajin ingancin ruwa, gyaran yau da gobe, karanta mita da raba bil. A yi hattara da abu ɗaya. Idan hukuma ta daɗe cikin ƙunci, abin da ta kashe bara ba shi ne abin da ya kamata ta kashe ba. Ta yiwu an rage kulorin, an bar guraben ma'aikata babu kowa, an daina wanke tankuna. A rubuta kuɗin aiki yadda ya kamata a yi shi, in ba haka ba an mai da talaucin bara ya zama doka.

Kashi na biyu biyan bashi ne, uwa da riba. Masu ba da rancen gina matata sukan sa sharaɗi cewa abin da ya rage bayan an cire kuɗin gudanarwa ya kai ninki 1.2 ko 1.25 na abin da za a biya su a shekara. A karanta takardar yarjejeniya, a sa wannan rara cikin lissafi.

Kashi na uku shi ne wanda ba ya kuka sai ranar da ya mutu: sabunta kadarori. Bututu yana binne a ƙasa, ba a ganin tsufansa, ba ya zuwa zauren majalisa ya yi ƙorafi, don haka shi ake fara yankewa idan ana neman rage farashi. Ga yadda ake kama shi. A rubuta kowace kadara, shekarar da aka sa ta, shekarun da ake sa ran za ta yi, da abin da zai ci a maye gurbinta da farashin yau. Bututun ƙasa na iya yin shekara hamsin zuwa ɗari gwargwadon irinsa da irin ƙasar da yake ciki. Injin tura ruwa da kayan lantarki ba sa kai rabin haka. Mita kan fara raunana bayan shekara goma zuwa ashirin, kuma idan ta tsufa ƙasa-ƙasa take karantawa, wato hukuma take cuta. Garin da ke da bututu kilomita 200 masu rayuwar shekara 80, dole ya riƙa sauya kilomita 2.5 kowace shekara don kawai ya tsaya inda yake. Idan rabin kilomita yake sauyawa, to yana lissafin bututunsa zai yi shekara 400 ke nan, kuma babu bututun da ya taɓa yin alkawarin haka.

A lura da kalmar farashin yau. Littafin akawu yakan rubuta tsufan kaya bisa kuɗin da aka saye su shekara talatin baya. Wanda ya tara kuɗi bisa wannan adadi, ranar sauyawa zai tarar ko kwata bai tara ba.

Kashi na huɗu ajiyar ko-ta-kwana. Hukumomi da yawa kan ajiye abin da zai riƙe gudanarwa na wata biyu zuwa uku. Babban inji idan ya ƙone tsakiyar bazara ba ya jiran kasafin baɗi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Bayan an haɗa waɗannan, sai a cire kuɗin da ke shigowa ta wasu hanyoyi, kamar kuɗin jona sabon famfo da tallafin gwamnati. Amma tallafin da aka rubuta kuma aka saba ganinsa a asusu, ba wanda aka yi alkawari a wajen taro ba. Masana kan ce ruwa hanya uku kacal ake biyansa: bil, haraji, ko gudummawa daga waje. Rance ba na huɗu ba ne, jinkiri ne, ɗaya daga cikin ukun ne zai biya shi.

Mu ƙirƙiri gari don misali, alƙaluman nawa ne, ba na kowace ƙasa ba, ba kuma da sunan kowane kuɗi ba. Gudanarwa 6,000,000. Bashi 1,500,000. Sabunta kadarori 2,000,000. Ajiya 500,000. Jimla 10,000,000. Ana samun 1,000,000 daga wasu hanyoyi. Abin da bil zai kawo ke nan 9,000,000. A yi wannan lissafi na shekara uku zuwa biyar masu zuwa, a sa hauhawar farashin kaya da manyan ayyukan da ke tafe, don a hango tudu tun daga nesa.

Mataki na uku: ruwan da ake sayarwa da kuɗin da ke shiga hannu

Garin namu yana tace kubik 3,000,000 a shekara. Mai gaggawa zai raba 9,000,000 da 3,000,000 ya ce kubik ɗaya 3.00 ne. Ya kashe hukumar ke nan bai sani ba.

Ba duk ruwan da ya fita daga matata ke zama bil ba. Wani ya tsiyaye ta fasassun bututu, wani an sace ta jonin ɓoye, wani mita ta ƙi ƙirgawa, wani an ba ofisoshi da masu kashe gobara ba a rubuta ba. Wani rahoton Bankin Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa a duniya sama da kubik biliyan 32 na tataccen ruwa ke zubewa a ƙasa kowace shekara, wasu biliyan 16 kuma ana sha ba a biya. Mu ce garinmu yana asarar kashi 30 cikin 100. Abin sayarwa ya koma kubik 2,100,000. Sannan ba duk bil ake biya ba. Idan kashi 90 ake karɓowa, to don a samu 9,000,000 a hannu sai an rubuta bil na 10,000,000. Raba wannan da 2,100,000, kubik ɗaya ya zama 4.76. Da an tsaya a 3.00, abin da zai shiga asusu 5,670,000 ne, ko kuɗin gudanarwa bai cika ba.

A nan akwai maganar adalci da ba zan tsallake ba. Tazarar da ke tsakanin 3.00 da 4.76 mai biya na gaskiya ne ke ɗauke da ita, yana biyan yoyon da ba shi ya fasa ba da bashin maƙwabcin da ya ƙi biya. Lissafi ya tilasta a sa ta a bana, amma ba daidai ba ne a bar ta haka har abada. Duk majalisar da za ta amince da ƙari, ta ɗaura shi da alkawari a rubuce: asara za ta sauka zuwa kaza a shekara kaza, manyan masu bashi za su biya, har da ma'aikatun gwamnati, waɗanda a wurare da yawa su ne kan gaba wajen ƙin biya. Abu ne mai yiwuwa. Hukumar ruwa ta birnin Phnom Penh a Kambodiya, ƙarƙashin shugabanta Ek Sonn Chan, ta tarar da asarar kashi 72 a 1993, ta sauko da ita ƙasa da kashi 10 cikin kimanin shekara goma sha biyar, ta hanyar sa mita ko'ina, sauya bututu da tilasta wa manya biyan bil.

Mataki na huɗu: wa ya jawo wane kuɗi

Yanzu a kasa masu amfani rukuni-rukuni: gidaje, shaguna da otal, masana'antu, hukumomi, famfunan unguwa. Ƙungiyar ma'aikatan ruwa ta Amurka, AWWA, a littafinta na farashi da ake kira M1, ta raba kuɗin aiki bisa abin da ke jawo shi, kuma tsarin yana da amfani ko'ina. Akwai kuɗin da ke bin yawan ruwa, kamar wuta da magani. Akwai wanda ke bin ƙololuwar buƙata. Akwai wanda ke bin yawan mitoci, kamar karatu da buga bil. Akwai na tanadin kashe gobara.

Ƙololuwar buƙata ita ce mutane ba su cika ganewa ba. Ba a gina matata da bututu don rana matsakaiciya, ana gina su don ranar da ta fi kowace zafi da sa'ar da kowa ya buɗe famfo. Masana'antar da ke jan ruwa daidai wa daida dare da rana ba ta matsa wa bututu kamar gidajen da ke ban-ruwan lambu duk a lokaci ɗaya cikin rani. Wanda ya sa aka gina babban bututu, ya dace ya ɗauki kaso mafi girma na kuɗinsa. Ƙaramin gari da ba shi da bayanan wannan zai iya tsayawa kan rukuni biyu ko uku, ya fi ya ƙirƙiro alƙaluman da ba shi da su.

Mataki na biyar: siffar bil

Yawancin kuɗin da hukumar ruwa ke kashewa tsayayye ne. Ko an sha ko ba a sha ba, albashi da bashi da gyara suna nan. Kuɗin shiga kuwa yana hawa da sauka da abin da mita ta karanta. Daidaita waɗannan biyu shi ne duk wahalar tsara bil, shi ya sa aka fi raba shi gida biyu: kuɗin tsaye na wata, da kuɗin awo.

Kuɗin tsaye ana ɗaura shi da girman mita, don babbar mita tana iya jan ruwa mai yawa a lokaci ɗaya. A ma'aunin AWWA, idan ƙaramar mitar gida ta inci 5/8 tana matsayin 1, ta inci ɗaya tana matsayin 2.5, ta inci biyu kuma 8. A garinmu mu ce mitoci 10,000 ne, amma da aka auna su haka sun zama daidai da ƙanana 12,500. Idan aka yanke a samo kwata na 10,000,000 daga kuɗin tsaye, wato 2,500,000, kowace ƙaramar mita za ta biya 200 a shekara, 16.67 a wata. Sauran 7,500,000 a raba da kubik 2,100,000, kubik ɗaya 3.57. Gidan da ya sha kubik 15 zai ga bil na kimanin 70.

Me ya sa kwata, ba rabi ba? Babu lamba ɗaya da ta dace da kowa. Idan kuɗin tsaye ya yi yawa, tsohuwar da ke zaune ita kaɗai tana shan kubik uku za ta biya kusan daidai da gidan da ke ɓarna, kuma babu wanda zai damu ya gyara famfon da ke ɗiga. Idan ya yi kaɗan, ranar da fari ya zo aka roƙi mutane su rage amfani, asusu ya bushe tare da dam. Birnin Cape Town na Afirka ta Kudu ya ɗanɗana wannan. A Fabrairun 2018 aka taƙaita wa kowane mutum lita 50 a rana, jama'a suka ba da haɗin kai, kuɗin shiga ya faɗi, sai ga shi a tsakiyar shekarar birnin ya shigo da kuɗin tsaye bisa girman mita. Mutane suka ji kamar an hukunta su don sun yi biyayya. Da an tsara shi tun kafin farin, da zafin bai kai haka ba.

Kuɗin awo kuma yana iya zama farashi ɗaya ga kowane kubik, ko mai hawa-hawa, wato mai matakai, inda kubik na farko suke da araha na sama suke da tsada, ko mai sauyawa da yanayi, rani ya fi damina. Akwai tsohon tsari mai sauka, wanda ya fi sha ya fi samun rahusa, amma inda ruwa ke ƙaranci wannan kiran ɓarna ne.

Mai hawa-hawa shi ya fi farin jini, don a ido yana kama da adalci. Afirka ta Kudu ta tafi da shi har ƙarshe a 2001, ta ba kowane gida lita 6,000 kyauta a wata, bisa lissafin lita 25 a rana ga mutum takwas. Sai dai tsarin yana da rami, kuma ina roƙon duk mai tsara farashi ya leƙa shi da kyau. Mita gida take ƙirgawa, ba ta ƙirga mutane. Ɗauki gidan haya mai iyali shida a mita ɗaya, kowane iyali na shan kubik 8. Mita za ta nuna 48, ta jefa su matakin masu wanke motoci da cika wurin ninƙaya. A gefe guda mai hali da matarsa su biyu sun sha kubik 10, sun zauna a matakin rahusa. Kashin dankali ke nan, na ƙasa ke ɗauke da na sama. Masanin tattalin arziki Dale Whittington ya nuna wannan tun 1992 da bayanan birnin Kumasi na ƙasar Gana, kuma har yau ana faɗawa ramin. Maganinsa ko a ba kowane iyali mitarsa, ko a ninka faɗin matakin farko da yawan iyalan da ke kan mitar bayan an tantance, ko a koma farashi ɗaya a taimaki mabuƙata kai tsaye. Inda yawancin talakawa ke tarayya a mita, ni na ƙarshen na fi yarda da shi.

Idan an zaɓi matakai, uku sun isa. Matakin farko ya tsaya kan buƙatar rayuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa lita 50 zuwa 100 a rana kan biya wa mutum yawancin buƙatunsa, don haka gidan mutum biyar a lita 50 yana buƙatar kubik 7.5 a wata. Wanda ya faɗaɗa matakin farko zuwa kubik 30 ya ba kusan kowa rahusa, babu sauran mai biyan gibin. Kuma kowane mataki ya zama ana iya nuna kuɗin da ya jawo shi. A 2015 wata kotun ɗaukaka ƙara a Kalifoniya ta soke matakan birnin San Juan Capistrano, don birnin ya kasa nuna yadda tsadar na sama ta fito daga ainihin kuɗin samar da ruwan.

Inda babu mita, ana yin farashin ƙiyasi bisa girman gida ko yawan famfuna. A ɗauke shi na wucin gadi, a sa kuɗin sayen mitoci cikin kasafi.

Mataki na shida: magudanar najasa

Duk matakan baya a maimaita su a asusu na daban, don ruwan sha da najasa kowanne da kadarorinsa. Kada a yi mamaki idan najasa ta fi tsada. Bututunta ya fi faɗi, ya fi zurfi, kuma tace dagwalo yana cin wuta sosai.

Bambancin shi ne ba a sa wa najasar gida mita, don haka da mitar ruwan sha ake ƙiyasta ta. Wasu garuruwa suna ɗaukar kashi 80 zuwa 90 na ruwan da aka sha a matsayin wanda ya koma magudana. Wasu suna duba watannin da ba a ban-ruwa, su ɗauki matsakaicinsu su yi bil ɗin shekara da shi, don ruwan da aka zuba wa shuka ƙasa ya shanye. Mai burtsatsen kansa da ke zuba najasa a magudanar gari shi ma sai ya biya, ko da mita a burtsatsen ko da ƙiyasi.

Ga masu sana'a, yawa kaɗai bai isa ba, sai an duba kauri. Dagwalon mahauta, majema, marina ko wurin sarrafa abinci yana iya ninka na gida sau da yawa wajen ƙazanta. Ana auna iskar da ƙwayoyin halitta ke buƙata don narkar da shi da kuma gurɓin da ke yawo a cikinsa, duk abin da ya haura na gida a ɗora masa ƙarin kuɗi, ko a tilasta wa mai shi ya fara tacewa kafin ya saki. In ba haka ba gidaje ne ke biya wa masana'anta.

Gidan da magudana ba ta kai gare shi ba, yana amfani da sokawe ko masai, kada a rubuta masa kuɗin bututun da bai taɓa gani ba. Idan za a karɓi wani abu a wurinsa, ya zama na aikin da ake yi masa, kamar kwashewa da tace abin da aka kwaso.

Mataki na bakwai: mai ƙaramin ƙarfi

A 28 ga Yuli 2010 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince cewa ruwa mai tsabta da tsabtace muhalli haƙƙin ɗan Adam ne. Haƙƙin ba ya nufin kyauta, yana nufin kada tsada ta hana mutum samu. Ma'aunin da hukumomin Majalisar ke yawan ambata shi ne kada ruwa ya ci fiye da kashi 3 cikin 100 na kuɗin shigar gida. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta daɗe tana amfani da kashi 2.5 na ruwan sha da kashi 2 na najasa, bisa kuɗin shigar gida na tsakiya. Aibin wannan shi ne gidan tsakiya ba shi ne ke shan wahala ba. A gwada bil ɗin da kuɗin shigar kashi ɗaya cikin biyar na gidajen da suka fi talauci, nan gaskiya take fitowa.

Idan ya yi musu nauyi, kada a sauke farashin gari duka, don hakan mai hali ya fi amfana tunda shi ya fi sha. A nufi mabuƙatan. Ƙasar Cile tun dokar 1989 take biya wa gidajen da aka tantance wani kaso na bil ta hannun ƙananan hukumomi, da sharaɗin su biya nasu kason. Kolombiya ta dokar 1994 ta kasa gidaje mataki shida, na biyar da na shida suna biyan ƙari, na ɗaya zuwa na uku suna samun sauƙi. Birnin Filadelfiya na Amurka a 2017 ya fara ɗaura bil ɗin masu ƙaramin ƙarfi da kuɗin shigarsu. Kowanne yana da wahalarsa ta tantancewa, a zaɓi wanda ofishin gari zai iya riƙewa, a kuma rubuta inda kuɗin tallafin zai fito.

Wanda ya fi kowa buƙata shi ne wanda ba shi da famfo sam. Rahusar kubik ba ta isa gare shi. Abin da ya tsare shi kuɗin jona ne, don haka rage shi ko rarraba biyansa a watanni ya fi kowane rangwame amfani. A kuma rubuta ƙa'idar yanke ruwa tun yanzu: sanarwa nawa, damar biya kaɗan-kaɗan, da waɗanda ba a yanke wa. Ingila da Wales sun hana yanke wa gidaje ruwa saboda bashi tun 1999, Faransa ta bi a 2013.

Mataki na takwas: gwaji

A ɗauki sabon farashi a ɗora shi kan ainihin bayanan mita na bara, gida-gida, a ga ko jimlar ta kai abin da ake nema. A fitar da bil na gida mai shan kaɗan, matsakaici, mai yawa, gidan haya, shago, makaranta, a jera tsoho da sabo.

A tuna mutane kan rage sha idan farashi ya hau. Bincike da yawa sun nuna ƙarin kashi 10 yakan rage amfani da kashi 2 zuwa 5. Idan an ƙara kashi 20 amfani ya sauka da kashi 6, kuɗin awo kashi 13 kawai zai ƙaru. A gwada kuma shekara mai ruwan sama da yawa, da shekarar fari, da ranar da babbar masana'antar garin ta rufe.

Mataki na tara: fuskantar jama'a

Farashin da ya yi daidai a takarda yana iya rushewa a titi. A Cochabamba ta Bolibiya an ba kamfani ruwan birnin a 1999, bil ya yi tsalle a farkon 2000, mutane suka fito, zuwa Afrilu aka soke kwangilar bayan an rasa rai. An ɗora wa jama'a nauyi lokaci ɗaya, kafin su ga ruwa ya ƙaru, kuma ba a tambaye su ba.

A buga lissafin duka inda kowa zai gani. A wajen taro a bar maganar kashi cikin ɗari, a ce gida mai shan kubik 15 yana biyan kaza, zai koma kaza, ga titunan da za a sauya wa bututu bana, ga injin da za a saya. A saurara da gaske. Sau da yawa a irin wannan zama ne ake jin cewa wata unguwa iska mitarta ke ƙirgawa, ko bil na zuwa wa gidan da aka rushe, kuma gyara waɗannan kafin ƙari ya fara aiki yana sayo yardar da babu sanarwar da za ta sayo.

Idan gibin babba ne, a raba ƙarin a shekara uku zuwa biyar, a amince da jadawalin duka a zama ɗaya, don kada kowace shekara a sake kokawa. A sa a cikin dokar cewa farashi zai riƙa bin hauhawar kuɗin wuta da magani da albashi ta wata ƙa'ida da aka bayyana. Ƙarin kashi 4 kowace shekara gida zai iya shirya masa, amma a yi shiru shekara goma don tsoron zaɓe sannan a zo da kashi 60, wannan shi ke fitar da mutane titi.

Daga ranar da sabon bil ya fita, kowane wata a kwatanta abin da aka yi hasashe da abin da ya shigo: kubik nawa aka sayar, kashi nawa aka karɓo, asara ta sauka ko tana nan. Ƙarshen shekara a kai wa majalisa rahoto a fili, har da kilomita nawa na bututu aka sauya cikin 2.5 ɗin da aka karɓi kuɗinsu. Cikakken nazari irin wannan a sake shi bayan shekara uku zuwa biyar, ko da wuri idan za a ci sabon bashi ko gina sabuwar matata.